Ta'aziyya da Zaman Makoki a Ƙasar Kurfi: Waiwaye Cikin Tarihi



Abin da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, zaman makoki a ƙasar Kurfi da maƙwabciyarta Dutsin-Ma aiki biyu yake yi. Yana sanyaya zuciyar waɗanda aka yi wa rashi, yana kuma adana tarihin mamaci. Na farkon kowa ya san da shi. Na biyun kuwa ba a cika lura da shi ba, alhali shi ne yake cikin haɗari a yau.

Tun da Musulunci ya kafu a fadar Katsina cikin ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Korau, al'amuran mutuwa suka soma bin tafarkin shari'a, wato wanka da likkafani da salla da binnewa ba tare da jinkiri ba, sannan takabar wata 4 da kwana 10 ga matar mamaci. Ita kanta kalmar ta'aziyya daga Larabci aka aro ta, ma'anarta kuwa ba da haƙuri.

Sau biyu aka yi wa wannan al'ada babban gyara. Kafin jihadin 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya keɓe babi a kan jana'iza cikin littafinsa Ihya'us Sunna, inda ya rarrabe sunna da bidi'a. Malamai suka riƙa tunatar da jama'a cewa maƙwabta ne ya kamata su dafa wa gidan mamaci abinci, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta a yi wa iyalan Ja'afar bayan yaƙin Mu'uta a shekarar 629. Duk da haka sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in suka ci gaba, ana raba gumba ana addu'a. Gyara na biyu ya zo bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978, lokacin da gidaje da yawa suka daina waɗannan sadakoki, suka tsaya ga karɓar gaisuwa ta kwana uku.

Abin lura a nan shi ne, babu gyaran da ya naɗe tabarmar ƙofar gida. Maza suna zaune a waje, mata suna ciki. Mai gaisuwa ya zo ya ce, "Ya aka ji da haƙuri?" a yi wa mamaci addu'a, a shafa. Daga nan sai dattawa su shiga tuna baya: daga ina kakansa ya taso, wace rijiya ya haƙa, wane maraya ya riƙe, ina iyakar gonarsa ta tsaya. A nan ne mai bin bashi yakan bayyana kansa ko ya yafe, a nan ne kuma yaro yakan fara sanin danginsa na nesa.

Alal misali, da Allah ya yi wa Maradin Katsina, Hakimin Kurfi, Alhaji Ahmadu Kurfi rasuwa a 2024, jaridu sun tuna cewa shi ne sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO lokacin zaɓen 1979. Tarihin irinsa yana rubuce. Amma manomi da maƙeri da ungozoma ba su da jarida, tarihinsu yana bakin waɗanda suka zo gaisuwa.

To, cikin shekarun nan abu biyu sun rage masu zuwan. Tun shigowar wayar salula a 2001, mutane da yawa sukan yi gaisuwa daga nesa. Sannan hare-haren 'yan bindiga a yankin Kurfi da Batsari da Safana sun sa tafiya ƙauye ta zama abin tsoro, wasu dangin ma sun watse. Waya tana isar da addu'a, amma ba wanda zai zauna a kanta ya jero maka asalin gidanku.

Saboda haka ina kira ga ɗaliban Hausa da na tarihi, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011, da su riƙa zuwa gaisuwa da kunnen basira. Bayan an share makoki, su koma wurin dattawan da izinin iyali, su rubuta abin da suka ji.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan. Wassalam.