Tsibiran Samowa da Annobar Murar 1918: Ƙofar da Aka Rufe da Wadda Aka Bari a Buɗe

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya wata muguwar mura ta game duniya, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna marisuwa, ta kuma kashe mutanen da yawansu ya zarce na waɗanda suka mutu a fagen yaƙin kansa. A lokacin babu allurar rigakafinta, babu maganinta, ƙwayar da ke haddasa ta ma ba a gano ta ba sai a shekarar 1933. Saboda haka abin da ya rage wa hukumomi shi ne hana mai cuta cuɗanya da mai lafiya, da kuma kula da wanda ya riga ya kwanta. Da wuya a sami inda amfanin waɗannan matakai biyu ya bayyana ƙarara kamar tsibiran Samowa da ke tsakiyar Tekun Fasifik.

Mutanen Samowa al'umma ɗaya ce, harshensu ɗaya, al'adunsu ɗaya, amma a shekarar 1899 manyan ƙasashe suka raba tsibiransu biyu. Na gabas, wato Tutuila da ƙananan tsibiran da ke kusa da shi, suka faɗa hannun Amurka. Na yamma kuwa, wato Upolu da Savai'i, suka zama na Jamus, har zuwa 1914 lokacin da sojojin Niyuzilan suka ƙwace su, aka ɗora Kanar Robert Logan a kan mulkinsu.

Ran 7 ga Nuwamba, 1918, wani jirgin ruwa mai suna Talune, wanda ya taso daga Okland inda murar ta riga ta ɓarke, ya iso Afiya, babban birnin Samowa ta Yamma. Akwai marasa lafiya a cikinsa, an kuma riga an killace shi a Fiji bisa hanya, amma duk da haka aka bar fasinjojinsa suka sauka suka bazu cikin ƙauyuka. Kafin wata biyu ya cika, mutum wajen 8,500 sun rasu, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar baki ɗaya.

Ba ƙarfin cutar kaɗai ya jawo wannan asara ba. Da yake ta fi kayar da majiya ƙarfi, sai aka wayi gari gida guda kowa na kwance, babu mai zuwa gona, babu mai hura wuta, babu mai ɗebo ruwa. Yara da tsofaffi, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga hidimar wasu, yunwa da rashin jinya suka taru da zazzaɓi a kansu. Sarakunan gargajiya da dattawa masu riƙe da tarihin dangi da yawa suka tafi a cikin 'yan makonni, har aka koma binne mutane a manyan ramuka.

A Samowa ta Amurka kuwa, gwamnan, wani hafsan sojan ruwa mai suna John Martin Poyer, ya riga ya sami labarin ɓarnar da cutar ke yi a wasu ƙasashe, bai kuma tsaya jiran umarni daga sama ba. Ya kafa doka cewa duk jirgin da ya iso Fago Fago sai an killace shi kafin kowa ya sauka. To amma doka a tashar jirgi ba ta isa ba, domin kwalekwale na iya tsallako ruwa daga Upolu da dare ya sauka a kowane gaɓa. A nan ne sarakunan Tutuila suka ɗauki nauyin da babu baƙon da zai iya ɗauka: suka sa mutanensu sintiri a bakin teku, suna mayar da duk wanda ya zo daga yamma, alhali kuwa masu zuwan 'yan uwansu ne na jini. A al'ummar da ta ɗauki zumunci da karɓar baƙo da girma ƙwarai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sakamakonsa shi ne ba a rubuta mutuwar ko mutum ɗaya daga murar a ɓangarensu ba.

Bugu da ƙari, Poyer ya aika da saƙo cewa a shirye yake ya tura ma'aikatan lafiya su taimaka wa maƙwabta. Logan bai karɓi tayin ba, ya ma sa aka katse wayar iska tsakanin Afiya da Fago Fago. Taimako mai ƙarfi bai iso ba sai da jirgin yaƙin Ostareliya mai suna Encounter ya kawo likitoci da magunguna, lokacin da annobar ta riga ta yi mafi yawan ɓarnarta.

Kwamitin binciken da Niyuzilan ta kafa a 1919 ya tabbatar da cewa jirgin Talune ne ya kawo cutar, kuma akwai sakaci wajen barinsa ya sauke mutane. Ɗacin abin bai bar zukatan Samowawa ba. Yana cikin dalilan da suka ƙarfafa ƙungiyar Mau mai neman 'yancin kai, wanda aka samu a 1962. A shekarar 2002 Firayim Minista Helen Clark ta je Afiya ta nemi gafara a madadin ƙasarta.

Abin lura a nan shi ne Poyer bai fi Logan ilimin likitanci ba, bai kuma mallaki wani magani da wancan ya rasa ba. Bambancinsu uku ne: ɗaya ya rufe ƙofa tun cutar na nesa, ya jawo shugabannin jama'a a jika har dokar ta zama tasu, ya kuma ɗauki ran maƙwabci da daraja, ɗayan ya yi jinkiri, ya raina waɗanda yake mulka, ya bar girman kai ya hana shi karɓar taimako. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, amma tarihin Samowa ya ƙara da cewa rigakafin ba ya tsayawa sai jama'a sun yarda da mai kiran su gare shi.