Sansanin sojojin sama na Wadi Sayyidna

Wadi Sayyidna sansanin jiragen yaƙi ne a arewacin Omdurman, a gaɓar yamma ta kogin Nilu, kimanin kilomita 22 daga Khartoum. Yana cikin yankin Karari, inda sojojin Ingila suka karya rundunar Khalifa Abdullahi, magajin Mahadi, a 1898.

Sunansa ya fito ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun daga 1940 Turawan Ingila ke sauke jirage a cikin akwatuna a tashar ruwa ta Takoradi, a ƙasar Gana ta yanzu, su harhaɗa su, su taso da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena a yau), Geneina da El Fasher, har bakin Nilu, daga nan a miƙa Masar. Wanda ya san tarihin alhazanmu zai gane cewa daga Kano zuwa gabas kusan hanyar da kakanni suka bi da ƙafa ke nan, wasu shekara da shekaru, wasu ma suka yada zango a Sudan har zuriyarsu ta zama 'yan ƙasa. Amurkawa su ma sun yi amfani da filin wajen jigilar kayan yaƙi. Bayan yaƙin aka buɗe makarantar sakandare a wurin, wadda marubuci Ɗayyib Salih ya yi karatu a cikinta.

Da faɗa ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, filin jirgin saman Khartoum ya zama fagen daga. Wadi Sayyidna ya ci gaba da zama a hannun sojoji, ta nan Faransa, Jamus da Ingila suka kwashe mutanensu. Amma mazaunin Kalakla, can kudancin Khartoum, sai ya ratsa birnin ya haye gada kafin ya isa. Ɗaliban Najeriya a motocin safa aka kai su iyakar Masar da Port Sudan.

Maƙwabtan sansanin ma ba su tsira ba. Ranar 25 ga Fabrairun 2025 wani jirgin soja samfurin Antonov da ya tashi daga nan ya faɗo kan gidaje a Karari, mutum 46 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.