Tsohon layin dogon Zariya zuwa Jos: hanyar kuza da aka rufe

Daga Kano ta Nijeriya ne jirgin ƙasa ya riƙa kwasar gyaɗar Matameye da Magarya zuwa bakin teku a zamanin mulkin mallaka. Amma ba duk layin da aka shimfiɗa a wancan lokaci ya rayu ba. Akwai wanda ya tashi daga Zariya zuwa tsaunukan Jos, aka rufe shi tun kafin samun ƴancin kai.

Asalinsa

Turawan Ingila sun gina shi ne domin kuza. Kafin zuwansa, ƴan dako da jakuna ke ɗauko ta daga ramukan haƙa. An raɗa masa sunan Bauchi saboda a lokacin Jos tana cikin lardin Bauchi, ko da yake bai taɓa shiga garin ba. Ya kai Rahama a 1912, ya isa Jos da Bukuru a 1914.

Inda ya bi

Daga Zariya ya ƙetare kogin Galma a kan kadarko, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru da Rahama, sannan ya hau tudu ta Jengre. Tsawonsa ya kusa kilomita 230. Don rage kuɗin aiki aka matse shi: tazarar ƙarafunansa santimita 76 ce, alhali ta babban layin Legas zuwa Kano ta kusa santimita 107. Saboda haka tilas a sauke kaya a Zariya a sake loda su cikin wasu taragu.

Dalilin rufe shi

A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, ya ba kuza hanya kai tsaye zuwa tashar ruwa ta Fatakwal. Daga nan ciniki ya ja baya, motocin kaya suka ƙara ƙwace abin da ya rage. An rufe layin a 1957. Ana iya ganin wasu kawunan jiragensa a gidan tarihi na Jos.

A yau

Tarihin nan ya shafi mutanen yankin Damagaram, ganin sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 zai bi ta Daura, maƙwabciyar Matameye. Ɗorewarsa za ta danganta da yawan kaya da fasinjan da zai samu, abin da layin kuza ya rasa.