Yadda Nansen Ya Mai da Tanti Jirgin Ruwa

A ƙasashen arewacin duniya, kamar Norwe da Girinlan, teku ya kan kutsa cikin ƙasa ya yi dogon lungu mai zurfi, manyan duwatsu sun tsare shi dama da hagu. Wannan shi a ke kira fiyod. Labarin nan na wani fiyod ne na Girinlan mai suna Ameralik.

Cikin shekarar 1888 wani saurayi mutumin Norwe, Fridtjof Nansen, ya ƙudura niyyar ratsa Girinlan da ƙafa, abin da ba a taɓa jin wani ya yi ba. Tsakiyar ƙasar ƙanƙara ce zalla. Waɗanda suka gwada kafinsa daga yamma suka fara, inda garuruwa su ke, wuya ta koro su gida. Shi kuwa sai ya ce daga gabas zai fara, don kada kowa ya sami wurin komawa. Mutane da yawa suka ce hauka ne. A ganina, sanin halin ɗan Adam ne.

Su shida ne, da tantinsu da guzuri da akwatin ɗaukar hoto. Suka hau ƙanƙara ran 15 ga Agusta, suna jan kaya da ƙarfin ƙirji, cikin sanyin da ba ya misaltuwa. Sai a ƙarshen Satumba suka gangaro bakin Ameralik, suka taka ƙasa da ciyawa.

To, nan fa wata sabuwa ta ɓullo. Garin Godthaab, wanda yanzu a ke kira Nuuk, yana can gaɓar teku, duwatsu sun tare hanya, jirgi kuwa babu. Sai suka farke shimfiɗar tantinsu. Suka sari rassan wani ɗan itace mai lanƙwasuwa da ke fitowa a wurin, suka haɗa da sandunan gora na kayansu, suka ɗaure haƙarƙarin jirgi, suka ɗinka zanen a bisa. Tsawonsa bai kai ƙafa 9 ba, ga yoyo. Matuƙa ma rassa ne masu gwafa da aka ja musu ƙyalle.

Ran 29 ga Satumba Nansen da abokinsa Otto Sverdrup suka shiga wannan ɗan abu, sauran huɗu suka tsaya wajen kaya. In dare ya yi su kwana a gaɓa, abincinsu tsuntsayen teku da suka harbo. Ran 3 ga Oktoba suka isa Godthaab, aka aika aka kwaso 'yan'uwansu.

Amma jirgin da zai kai su Turai ya riga ya wuce. Tilas suka yi hunturu a can, Nansen ya zauna da Inuwit, mutanen ƙasar, ya koyi tuƙa kwalekwalensu na fata. Ba su ga gida ba sai cikin Mayu 1889. Hotunan da suka ɗauko suna nan ajiye a Norwe.