Yadda ake hasashen kuɗin da fim zai tara a gidajen sinima

A Amurka ranar Juma'a aka saba fitar da manyan finafinai, a kuma ƙirga cinikin tikiti na kwana uku zuwa Lahadi. Da an samu alƙaluman ƙarshen mako na farko da na biyu, kamfanin da ya zuba kuɗinsa yana iya ƙiyasta ko zai ci riba ko zai faɗi. Lissafin da ake yi ba baƙo ba ne ga ɗaliban lise masu shirin jarrabawar BAC: eksponansiyel da logaritim.

Yadda ciniki ke sauka

Yawancin finafinai a makon farko suke samun kuɗi mafi tsoka, saboda talla da ɗokin ƴan kallo. Daga nan ciniki ya dinga sauka, amma ba da adadi guda yake raguwa ba, da kaso guda yake raguwa. A ce fim ya samu miliyan 100 a makon farko, kuma kowane mako yana riƙe rabin abin da ya samu a makon baya: zai samu 50, sannan 25, sannan 12,5. Wannan ita ce raguwar eksponansiyel.

Amfaninta shi ne tana ba da jimillar tun kafin a kai ƙarshe. A raba kuɗin makon farko da kason da ake rasawa kowane mako. Idan rabi ake rasawa, 100 ÷ 0,5 ya ba da miliyan 200. Idan kashi 30 cikin 100 ne kawai, jimillar ta kai miliyan 333. Idan kuwa kashi 60 ne, ba za ta wuce miliyan 167 ba. Ke nan finafinai biyu da suka fara daidai, ɗaya na iya ninka ɗaya a ƙarshe.

Fim ɗin Avengers: Endgame na 2019 ya bi wannan tsari. A Amurka da Kanada ya samu dalar Amurka miliyan 357 a ƙarshen mako na farko, miliyan 147 a na biyu, miliyan 63 a na uku. Kowane karo abin da ya riƙe ya ɗan haura kashi 40 cikin 100 na makon baya. Idan aka haɗa da sauran ranakun mako, ya tashi da miliyan 858 a ƙasashen biyu.

Aikin logaritim

Logaritim, wanda John Napier ɗan ƙasar Sikotilan ya fito da shi a 1614, juya tambayar yake yi. Maimakon a tambayi nawa za a samu a mako kaza, sai a tambayi mako nawa ya rage kafin ciniki ya sauko zuwa adadi kaza. A misalin miliyan 100 mai raguwa da rabi, yaushe zai faɗo ƙasa da miliyan 1? Log 100 ÷ log 2 ya ba da 6,6, wato sai an yi ragi bakwai, a mako na takwas. Irin wannan amsa ce mai gidan sinima ke bukata, don ya san lokacin da zai cire fim ya saka sabo.

Akwai kuma amfani na biyu. Idan aka zana logaritim na cinikin kowane mako a takarda, lanƙwasasshen layi yakan miƙe. Duk makon da ya kauce wa layin, ido zai gan shi nan take.

Sai dai akwai tarko. Jimillar kuɗin fim tana hawa da sauri da farko sannan ta lafa, kamar yadda layin logaritim yake, shi ya sa wasu ke amfani da shi wajen hasashenta. Amma logaritim ba ya daina hawa, alhali jimillar fim tana da iyaka. Wanda ya ja layin ya yi nisa zai yi wa fim alkawarin kuɗin da ba zai samu ba.

Inda lissafin ke kasawa

Lissafin ya ɗauka cewa ƴan kallo raguwa kawai suke yi, bai san da labarin baka ba. Titanic, wanda ya fito a Disamba 1997, ya fara da miliyan 28,6 kacal, amma ya yi mako 15 a jere yana kan gaba, ya tara miliyan 600. Ranar da ya fi ciniki ma ita ce 14 ga Fabrairu 1998, kusan wata biyu da fitowarsa. Jimillarsa ta ninka ta farkonsa sau 21, ta Endgame kuwa ba ta kai sau biyu da rabi ba. Avatar na 2009 shi ma ya fara da miliyan 77, ya samu sama da miliyan 75 a mako na biyu. Hutun makaranta, bukukuwa da fitowar wani babban fim duk suna karkata layin.

Don haka masu harkar ba sa yanke hukunci da makon farko kaɗai. Makon farko ƙarfin talla yake nunawa, na biyu ne ke nuna ko waɗanda suka kalla sun turo wasu.