Saɓanin Teilo da Fayol a kan Tsarin Aiki

Ilmin tsara aiki da bi da ma'aikata ya kafu ne a hannun waɗansu injiniyoyi biyu, ɗaya a Amurka, ɗaya a Faransa, amma ra'ayinsu bai zo ɗaya ba.

Na Amurka, Firedirik Teilo, shi ne ya sa aka tsaya da agogo a kan leburori masu loda ƙarfe cikin taragu a kamfanin Bethlehem, ana auna kowane motsi nasu. Bisa faɗarsa, mutum guda ya tashi daga tan 12 da rabi a yini zuwa tan 47, ladansa kuwa daga dala 1.15 zuwa 1.85. To, a duba: aiki ya kusa riɓanya huɗu, lada ko biyu bai riɓanya ba. A 1911 littafinsa ya fito, a shekaran nan kuma ma'aikatan gidan makamai na Gwamnati a Watatawun suka ƙi aiki saboda agogon nan. A 1915 Majalisar Amurka ta hana shi a irin waɗannan gidaje. Ya kuma ba da shawara kowane ma'aikaci ya zama yana da shugabanni takwas, kowa da fanninsa.

Nan ne Hanri Fayol ya ƙi. Shi ya riƙe wani kamfanin kwal da ƙarfe daga 1888 zuwa 1918, ya karɓe shi yana bakin rushewa, ya tashe shi. Cikin littafinsa na 1916 ya ce kada mutum ya karɓi umurni sai daga shugaba ɗaya. Gaskiyarsa kuwa, ba a sarki biyu a gari guda, balle takwas. Duk wanda ya taɓa zaman ofis ya san halin malamin da manya biyu suka aika lokaci ɗaya.

Amma Fayol ya lura da illar tsarin nasa. In aka ce dole kowace takarda ta hau har wurin babba sa'an nan ta sauko, sai ta kwana bisa hanya, mai bukata na jira. Saboda haka ya yarda tsara biyu na ofisoshi dabam su gama magana tsakaninsu, muddin shugabanninsu sun ba da izini, kuma an sanar da su abin da aka yanke. Wannan hanya ya kira ta gada.

Auna aiki da agogo ya bazu cikin masana'antu, amma shugabanni takwas ba su sami karɓuwa ba. Littafin Fayol kuwa bai yi suna wurin Ingilishi ba sai da fassarar 1949.