Ƙananan Jiragen Ruwa a Kaburburan Tsohuwar Masar

Mutanen tsohuwar Masar sukan sassaƙa ƙananan jiragen ruwa na katako su binne tare da mamaci, musamman wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa. A imaninsu, da su zai yi zirga-zirga a lahira, har ya ziyarci Abidos, cibiyar bautar gunkinsu Osiris. Galibi bibbiyu ake ajiyewa. Mai zuwa kudu an ɗaga masa ƙyallen kama iska, domin iskar kogin Nilu daga arewa take busowa, mai gangarawa arewa kuwa matuƙa ne ke jan filafilai.

Mafi kyawunsu su ne na kabarin wani babban jami'i mai suna Meketre, waɗanda masanin kayan tarihi Herbert Winlock ya gano kusa da Luksor a 1920. A ɗaya, ga maigidan zaune yana shinshinar furen bado, mawaƙi na rera masa waƙa. Har jirgin girki aka haɗa masa. A kabarin Fir'auna Tutankamun kuwa an samu irin waɗannan jirage 35.